Ranar Narka Zinariyar Vasuki

"Ka ce musu ba ka da lafiya!"

"Ƙarya zan yi da furfurata? Ubana ya ƙera wa kakar Vasuki, ni na ƙera wa uwarta."

"To je ka ƙera mana, da hannun nan naka da ko kofi ba ya kai baki sai rabi ya zube a riga!"

Bangon da ya raba shago da ɗakin girki ba shi da kauri, don haka Kathir ya ji komai. Ya ajiye ɗan kunnen da yake gyarawa. Appa da Amma, wato babansa da innarsa, sun shekara talatin suna faɗa a kan gishiri da kuɗin wuta, amma yau a kansa suke yi, kuma babu wanda ya ambaci sunansa.

Kathir maƙerin zinariya ne, ɗan maƙera, jikan maƙera. Tun bai iya ɗaura zanensa ba yake hura gawayi. Vasuki 'yar masu gonakin shinkafa ce da ke bayan haikali. Sarƙar ƙafarta ce ta fara tsinkewa ta kawo gyara, daga nan ta riƙa tsinkewa fiye da yadda azurfa ta saba. Da zancen ya kai gida, mahaifinta bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da Kathir a baranda, ya kira shi Thambi, wato ƙane, ya ce, "Ku ke ƙera mana thali, abin wuyan aure. Ba ku ke ɗaura shi ba." Vasuki ta yi kuka har ta rame, sannan ta amince da ɗan kawunta.

Tun lokacin Kathir ya daina bin hanyar haikali. Ya karɓi duk aikin da wasu suka raina, yana ci idan an zuba, yana dariya idan an yi.

Yanzu ga gidan ango sun aiko a kira Appa. Kafin a ƙera thali, abin wuyan da mace ke rayuwa da shi muddin mijinta na raye, sai maƙerin gidan ya je ya narka zinariyar a gaban dangi. In ta daskare sumul, aure ya yi albarka. In ta tsage, tsofaffi za su dubi juna, a ɗaga biki, wani lokacin ma a fasa.

Ya leƙa ɗakin girkin. "Ni zan je."

Mahaifiyarsa ta dube shi da ludayi a hannu. "Kai? Wa ya kira ka?"

"Mutuncin Appa ne."

Haka ya faɗa, har shi ma ya kusa yarda. Sai dai da safiyar ranar, kafin ya fita, ya gutsiri darma ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero ya tura ƙarƙashin farcensa. Kowane maƙeri ya san darma na tsaga zinariya, ba kuma idon da zai kama.

Gidan ango ya cika da ƙamshin turare da furanni. Amarya ba ta zuwa wannan taro. Aka fasa kwakwa, ango ya miƙo masa zinariyar da hannu biyu. Kathir ya so ya tarar da mai girman kai. Sai ya ga wani siririn mutum mai gumi, wanda ya raɗa masa, "Anna, yayana, don Allah a hankali, gabana faɗuwa yake."

Kathir ya sa ta a kasko, ya ɗauki bututu ya fara hurawa. Zinariyar ta yi ja, ta kwanta, ta dunƙule tana rawa. Yatsansa na daidai bakin kaskon. Ya tambayi kansa, in ta tsage, wa za a ba shi? Ba kowa. Ba za a ce maƙeri ya yi kuskure ba, za a ce yarinyar ce ba ta da sa'a, kuma sunan zai bi ta duk gidan da aka kai zancenta. Ashe ba dawo da ita yake nema ba. So yake a ce ita ma ba ta samu ba.

Ya naɗe yatsan cikin tafinsa, ya ci gaba da hurawa har idonsa ya kawo ruwa. Aka ce hayaƙi ne.

Ta daskare sumul. Aka zagaya da ita a faranti, wata tsohuwa ta ce, "Kai, ɗan nan ya fi ubansa! Ka yi aure mana, ko sai gemunka ya yi fari?" Kowa ya yi dariya, har da shi.

Yana sa takalmi a bakin ƙofa mahaifiyar Vasuki ta biyo shi. Tun ranar baranda ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta tsaya tana murza bakin sari, zanen da ta yafa.

"Thambi, ba ka ci komai ba."

"Na ƙoshi, Amma." Ya gyara zinariyar a aljihun ƙirjinsa. "Ku gaya wa masu gidan kada su ga na daɗe da thalin. Sai na goge gefensa sosai. Fatarta ba ta jure kaifi."