Kawu Nomau da shanyar waya

Duk wanda ya san Kawu Nomau ya san ba ya taɓa waya sai ya shanya ta. Zai ɗora ta bisa katangar shagona na faci a Gwandu, rana ta dake ta, kamar yadda yake yi wa gangarsa can Masama lokacin da yake kiɗan noma. Na ce, "Kawu, wannan gilashi ne, ba fata ba." Ya ce, "Labbo, abin kiɗi in ya yi sanyi ba shi da murya." Wayar tawa ce fa a lokacin. Sai da batirinta ya kumbura kamar fanke.

Ni dai ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba. Makaranta a aji biyu na sakandare na tsaya, noma ya ƙi ni, shagon kuma ga shi nan kuna gani. Abu guda ne na fi kowa a layinmu: wasan nan na waya da waƙa ke tashi, baƙaƙen tubala na gangarowa, kana danna su daidai da kiɗa, ka kuskure ɗaya ka faɗi. Har 'yan kabu-kabu na ce mini oga. Sai wata rana shi Kawu, yayan uwata, ya kawo facin keke, ya leƙo kafaɗata.

"Mi kaka dannawa haka kamar mai kashe ƙwarƙwata?"

Na miƙa masa don a yi dariya. Kafin a kai ga girbi ya ture sunana daga saman jerin gwanayen layinmu, kuma rabin wasan idonsa a rufe.

"Kai ido kaka bi," in ji shi, "ni kunne. Ido ai baya yaka zuwa."

Ya sayar da tunkiya ya sayi tasa wayar. Ranar da aka saki sabuwar waƙa kuwa, ba mai sana'a a layin nan. Baƙuwa yake ce mata. Zai cire hula, ya kara wayar a kunne, ya hana ni kunna injin iska sai baƙuwa ta gama magana. Turanci bai iya ba, don haka shi ke raɗa musu suna. Akwai Jaki Ya Ga Ruwa, akwai Tsohuwa Ta Zame. Wata mai gudun tsiya ta zo, ya saurara ya girgiza kai.

"Wanga makaɗi korar shi akai. Allah shi hisshe shi."

Ya kuma cinye ta a zaman farko, ni ina nan ina faɗuwa tun a tsakiya.

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci, ranar da wani mai baƙon suna ya hau kansa a jerin gwanaye. Na ce masa jerin na duniya ne, mai yiwuwa mutumin yana bayan teku. Ya ce ƙarya ne, ɗan jami'ar Kalgo ne, can masu wayoyi suke. Ya sa babbar riga, ya hau mota, ya tsaya bakin ƙofa yana nuna wa ɗalibai sunan. Ba wanda ya san shi. Suka zauna da shi ƙarƙashin dalbejiya, ya lallasa su ɗaya bayan ɗaya, suka saya masa fura. Da ya dawo na ce, "Kawu, ka same shi?"

"Ya ɓoye. Yaro mai hankali."

Bara ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Makinsa na nan a duk tsofaffin waƙoƙin, na gwada har yatsuna sun yi kanta, ban kamo ko ɗaya ba.

Makon jiya aka saki sabuwa. Na zauna na ba ta wuta, sunana ya fito a sama, ba kowa bisa kaina duk layin. Na zagaya ina nuna wa 'yan kabu-kabu. Wani ya kalla, ya miƙo mini wayar.

"Ai don Kawu bai ji ta ba."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga gaskiyarsa. Na koma benci na sake kunna ta, ban danna komai ba, ina ta neman sunan da zai raɗa mata. Ban samu ba.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Mu da ya bari a baya, Allah ya sa mu cika da kyau.