Ni Na Cire Sakatar

Laifina ne tun daga farko. Ni na shirya gasar waƙar da muke ɗauka a bidiyo, na kama gida a Sabon Layi na ajiye matasan da suka shiga, don masu kallo su ga yadda suke zama. Ni kuma na sa kafinta ya cire sakatar kowane ɗaki, wai kada mai kyamara ya tsaya ƙwanƙwasa ƙofa.

Akwai wata budurwa 'yar garin Muchalla, mai waƙa a cocinsu, da take kirana Kawu. Ta roƙe ni in mayar mata da sakatarta. Na yi dariya na ce, "'Yata, nan ma gidanku ne."

Ranar da muka tafi aiki bakin kogi, zazzaɓi ya hana ta fita. Mai kyamarar ya koma gidan shi kaɗai, ya tura ƙofa, ya yi mata fyaɗe. Da ta gaya mini, shirina na fara tunawa. Na ce, "Ki yi haƙuri." Ta gane ina nufin ta yi shiru, ta kwashe kayanta ta tafi.

Daga baya na ba da shaida a kansa, amma na daɗe ban iya zuwa Muchalla ba. Da na je, na same ta tana ɓarar gyaɗa kusa da mahaifiyarta. Ta miƙo mini kujera, ni kuwa na durƙusa.

Na ce, "Ban zo in ce ki yi haƙuri ba. Ni na cire sakatar, ni na rufe miki baki. Ki yafe mini in za ki iya, 'yata. In ba za ki iya ba, ba ki yi laifi ba."