'Yar Mai Ɗinkin Ƙwarya

Yayata Munawwara ba a makaranta ta fara koyon cikon haƙori ba, kome takardarta ta ce. A gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a Dingaya ta fara, inda mahaifinmu, Malam Dabo, yake ɗinkin ƙwarya. Mata su kawo ƙwaryar nono da ta tsage, ya ɗinke, ya cika ta da ruwa, ya ɗora a kan busasshen yashi. In yashin ya jiƙe ko da ɗigo ɗaya ne, sai ya warware ya sake. Ita ce mai duba yashin. Ni kuwa, Ɗanbala, ni ne mai fasa ƙore.

Ta yi karatu, ni na ajiye a aji uku na hau acaba. Yanzu tana aikin haƙori a Birnin Kudu, har da farar riga.

Bara, matauni ɗaya tak da ya rage wa Baba, wanda yake cin goro da shi, ya yi kogo. Wani mai gyaran haƙori da ke yawo da jaka a kasuwa ya danna masa ciko. Bayan wata biyu, ko ruwan randa ya gagare shi, da ya kurɓa sai ya dafe kunci. Na goya shi a babur sai wurin Yaya.

"A cire kawai," in ji Baba. "Abin da ya fashe a baki ba ya ɗinkuwa."

"In na cire, da me za ka ci goro?" Ta haska fitila ta leƙa. "Cikon yana nan, amma bai kama gefe ba. Akwai 'yar kafa da ido ba ya gani, ta nan yawu da abinci suke shiga, haƙorin yana ruɓewa ta ƙasa. Yoyo yake, Baba."

Jin yoyo, tsoho ya gyara zama ya buɗe baki.

Ta cire tsohon ciko, ta kankare ruɓar, ta jera auduga, ta busar da wurin. Na ce, "Yau dai an samu mai toshe wa Baba baki." Kafaɗarsa ta fara rawa don dariya.

"Ɗanbala, fita! Yawu ya taɓa wurin nan, cikon ba zai kama ba."

Na fita da mutuncina.

Baba bai yi godiya ba. Sai ranar Juma'a da ta zo gida, ya sa aka ɗebo ruwan randa mai sanyi. Ya kurɓa, ya karkatar da kai, ya riƙe shi a kan haƙorin. Yaya ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ya daɗe kafin ya haɗiye.

"Munawwara, yashi a bushe yake."

Ya ɓare goro, ƙarar taunarsa har zaure. Ni dai tun ranar duk fasinjan da na ga ya dafe kunci, ba na tambayarsa ina za shi, sai wurin Yaya.