Shafa a Kan Safar Roba

Ni na saya masa safar nan da hannuna, kuma har yau abin yana cina.

Ɗana na biyu yana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ƙwallo kuwa kamar a jininsa take. Da an tashi daga Islamiyya sai filin firamaren da ke bayan layinmu a Badarawa, ba ya shigowa sai an kira magariba. Wata Laraba ya dawo yana ɗingishi, idon sawunsa na dama ya ɗan tasa. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu, ta danna wurin, ya ƙwalla ƙara.

"A kai min maigidan nan nawa wurin mai ɗori a Rafin Guza," in ji ta. "Wannan ya wuce targaɗe."

Ni kuwa ma'aikacin gwamnati, mai ji da boko, na ce, "Hajiya, zamanin murɗe wa yara ƙafa ya wuce." Asibitin da nake tinƙaho da shi ma ban kai shi ba. Washegari da na taso daga ofis na tsaya a kemis, na sayo safar roba mai ɗame idon sawu, irin wadda 'yan ƙwallo ke sawa. Yaro ya zura, ya taka, ya yi murmushi. Na ji ni gwani.

Cire ta ne wahala, don tana jan wurin ciwon. Da na ga yana cije leɓe wajen alwala, sai na ba shi fatawa, ni da karatuna bai taka kara ya karya ba. Na ce ya riƙa shafa ruwa a kai kawai, kamar yadda ake yi wa bandeji. Ban ce masa na kwana nawa ba.

Ashe rufe ƙafar na yi. A gidanmu wajen alwala ake ganin ƙafar yaro, a bakin famfo, kullum. Yanzu sai shafa. Wanka kuma ya wuce a yi masa. Bayan kwana huɗu ya koma fili, don ana zaɓen waɗanda za su buga wa makaranta. Ina ganin ɗingishin, ina ce wa kaina sauƙi a hankali yake zuwa.

Haka muka cinye mako uku. Wata Juma'a muna hanyar masallaci ya tsaya, ya dafa katanga, ya ce, "Baba, ba zan iya ba."

Da almakashi aka yanke safar a asibiti. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, shatin roba ya nutse cikin nama. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage, ya kuma fara haɗewa a karkace saboda gudun da ake yi a kansa. Likitar ta ce sai an yi aiki, kuma ba ta yi mana alkawarin zai sake gudu kamar da ba.

"Alhaji, yaushe rabonka da ganin ƙafar nan da idonka?" ta tambaye ni.

Kunya da tsoro suka rufe ni. Shi kuwa yana kwance yana kallonmu, ya ɗauka shi ake tuhuma. Ya yi wuf ya ce, "Wallahi Baba ban taɓa cirewa ba, ko da barci. Yadda ka ce haka na yi."