Ciyawar da Aka Kai Biki Gwaram

Ba sha'awa ce ta kai ni kamfanin ciyawa ba. Maigidana ne ya kwanta ciwon ƙafa, gonarmu ta Kangire ta koma hannun ƙannensa, sai aka ce mini akwai masu ɗaukar mata aikin cire a Birnin Kudu. Na zaci gona ce. Da na je sai na tarar ciyawa ake shukawa a gidajen masu kuɗi, a ba ta ruwa, a ba ta taki, in ta yi tsawo a aske ta a zubar. Tun ina yarinya nake yaƙi da ciyawa, sai ga ni da furfura an ɗauke ni renonta.

Kamfanin ma sunansa ya fi shi girma. Shago ɗaya ne, da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, kanta, mai tari, da injinan yanka waɗanda rabinsu kullum suna wurin makanike. Mai kamfanin ban taɓa ganinsa ba. Ɗan ƙanwarsa ya ɗora mana a matsayin manaja, wani matashi mai baƙin tabarau wanda ko ƙasa ta taɓa takalminsa sai ya tsaya ya goge. A gaban baƙi mu ne “iyayena mata”. In baƙi sun tafi, “ke tsohuwa”.

Maza aka ba inji da takalmin roba. Mu mata aka bar mu da yatsunmu. In an yi feshi da safe, da hantsi muna durƙushe a ciki muna tsince ƙarangiya, har fatar hannu ta dinga salewa. Akwai koriyar riga da ake raba mana ranar ɗaukar hoto, a karɓe da an gama. Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, kuma ranar da na iya haɗa baƙi na karanta abin da ke bayanta: wai aikinmu alfaharinmu. Na karanta wa abokiyar aikina, wata dattijuwa 'yar Sundimina da muke kira Inna. Ta ce, “To, su bar mana rigar mana mu yi alfaharin a gida.”

Abu ɗaya dai na so a aikin nan, ba zan ɓoye ba. Akwai gidan wani Alhaji mazaunin Abuja, wanda ba ya zuwa sai da Sallah. Filin gabansa tsakuwa ce da ɓaraguzan siminti. Ni da Inna muka tsince shi, muka turo kashin shanu a baro, muka dasa ciyawar saiwa-saiwa kamar dashen albasa. Ta kama, ta rufe ƙasa ruf, ta yi laushin da in ka taka sai ƙafarka ta nutse. Manaja da bakinsa ya ce mini, “Gidan nan naki ne. Muddin tana kore kina da aiki. Ranar da ta mutu, ki nemi hanyar Kangire.”

Ana tsakiyar zafin bazara sai manaja ya zo gidan da kanta da maza da shebur. Wai wani babban mutum a Gwaram zai aurar da ɗansa, ciyawar da kamfanin ya dasa masa kuma ta ƙone saboda injin rijiyarsa ya lalace. Manyan baƙi za su zo daga Dutse, ba za a tarbe su a kan jar ƙasa ba.

“To sai aka yi yaya?” na tambaye shi.

“Aro za mu yi. A yanka wannan, a kai can, bayan biki a dawo da ita.”

“Aro? Yallaɓai, tabarma ce ko tukunya?”

“Ke tsohuwa, a ƙasashen waje haka ake yi. Naɗe ta ake yi kamar darduma.”

“A ƙasashen wajen ma a bazara suke naɗewa? Kuma mai gidan ya sani?”

Sai ya nuna ni da makullin mota. “Mai gidan yana Abuja. Ke kuma kina nan ne saboda na ga dama.”

Maigadin gidan yana tsaye yana ji, ya juya kai wajen ƙofa kamar an kira shi. Daga baya na gan shi da sabuwar hula.

Da hannuna na yanka ta. In ban yanka ba mazan nan za su datse saiwar, don su yanka kawai suka sani. Muka yi ta ɗaga ta fale-fale da ƙasarta, muna jerawa a bayan kanta. Aka ɗora mu a kai, ni da Inna, aka ba mu bokiti wai mu dinga yayyafa mata ruwa a hanya. Manaja yana gaba da gilashi a rufe. Duk ramin da muka faɗa sai rabin ruwan ya koma jikinmu. Inna ta ce ko amarya ba a yi mata irin wannan rakiya ba.

A Gwaram muka shimfiɗa ta a kan busasshiyar ƙasa mai zafi kamar tanda, muka toshe tsagogin da yashi. Daga nesa ta yi kyau, wannan gaskiya ne. Mai gidan ya fito yana ta sa wa manaja albarka, ya ce lallai boko ya yi rana. Mu ko sannu.

An ce mu kwana biyu a can don ba ta ruwa, saboda haka a gabana aka yi komai. Masu rumfa suka kafa turakun ƙarfe a cikinta. Aka jera kujerun roba, kowace ƙafa ta huda rami. Direbobin manya suka ga wuri mai laushi suka hau da motoci. Masu girki kuwa, da wuri ya yi musu kaɗan, suka kafa murhu a gefe, suna tsiyaye ruwan zafin shinkafa a kanta. Na je na ce wa babbarsu, “Hajiya, don Allah a zuba can bayan katanga.” Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Baiwar Allah, ciyawa ce fa. Ko taki ce?” Na juya na koma wurin bokitina, don ni ma ban san ko tawa ce ba.

Abin da muka kwaso muka mayar Birnin Kudu ba ciyawa ba ce, tarkace ne mai warin mai da miya. Wani wurin ya farfashe a hannu. Muka jera abin da ya jeru. Na yi makonni ina ba ta ruwa safe da yamma, na rufe ta da kara don rana, na roƙo taki a wurin masu shanu. Nan ta tsiro, can ta ƙi. Filin ya zama kamar kan mai makero.

Da Sallah ta matso Alhaji ya iso. Manaja ya riga mu zuwa, da sabuwar shadda. Ina daga bakin famfo na ji yana cewa, “Ranka ya daɗe, gara ce ta shiga. Ga kuma sakacin matan nan, ka san mutanen ƙauye, in ba ka tsaya a kansu ba…”

Na ajiye tiyon yana zuba, na tako har gabansu. Inna tana jan hijabina ta baya, na fizge.

“Alhaji, barka da zuwa. Ba gara ba ce. Ciyawarka biki ta je Gwaram. Wannan da ke tsaye shi ya sa aka yanke ta aka loda a mota, aka yi girki a kanta, aka dawo maka da saura. Ni na dasa ta, ni na yanka, a gabana aka kashe ta. Garar da ta ci ta ga ta nan da tabarau.”

Manaja ya fara in-ina. Ni kuma na tsaya ina jira a yi masa abin da ya dace. Na ɗauka mutumin da aka cire wa fili guda daga ƙofar gidansa zai ji wani abu.

Alhaji ya dubi filin kamar yau ya fara ganinsa. Ya tambayi gidan wa aka kai ta. Da aka faɗa masa sai ya fashe da dariya, ya ce ai mutuminsa ne, shi ma ya so zuwa bikin, aiki ya riƙe shi. Har ya ce ashe ya yi gudummawa bai sani ba. Sannan ya ce dama ciyawar nan sauro take tara masa, ga shan ruwa. A kwashe ta a sa intalok, bulon nan na daɓe, motocinsa su sami wurin tsayawa. Ya tambayi manaja ko kamfaninsu na yin intalok. Manaja, wanda ko bulo bai taɓa ɗagawa ba, ya ce ai shi ne ma asalin aikinsu.

Suka shige falo suna maganar kalar bulon da za a sa. A bakin ƙofa manaja ya waiwayo ya ce, “Kin ji dai da kunnenki. Babu ciyawa, babu cire.”

Na ce, “Na ji. Allah ya ba intalok haƙurin zama da ku.”

Na koma na kashe famfon, don ruwa bai yi mini laifin komai ba. Inna ta zauna a aikin, tana da marayu a gabanta, kuma ban ga laifinta ba. Ni na ɗauki fartanyata, dama tawa ce na zo da ita daga gida, na fita bakin titi na tsaya jiran motar Kangire.