Wan mijina ya ce muna ci sau uku

Jiya masu ƙidayar yara mabukata suka zo gidanmu a Matankari. Maigidana ya tafi cin rani, sai wansa ya tare su a zaure.

Na kai ruwa, na leƙa takardar da suke cikawa. Da girmana na koyi karatu, amma na gane: abinci sau uku a rana.

Na ce, "Yaya, yaushe ɗiyana sunka ci sau ukku?"

Ya ce, "Ke! In hwaɗa ma baƙi rumbunmu babu hatsi?"

Haka suka tafi da amsarsa. Yanzu ba za a sa yarana cikin masu samun taimako ba, alhali sau ɗaya nake ɗora tukunya.

Mata, a garinku an taɓa tambayar uwa abin da ɗanta ya ci?