Abin da Likita Bai Rubuta Ba

Safiyar Juma'ar nan wanki muka yi. Ranar hutuna ce, Yaya Rabi ma ba ta fita gidajen da take yi wa shara ba. 'Yar yayar mahaifiyata ce, daga Maraɗi. Gida ɗaya muke haya a hawa na biyu a unguwar Gubaira, nan ƙasar Larabawa, ni da ita da mijinta direba da 'yarsu Ummi, mai wata huɗu. Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama. Ita ba ta da takarda ko ɗaya. Ina jin duk layin an san haka.

Aikina a wani ƙaramin asibitin kuɗi ne. Likita zai rubuta ciwo da sanadinsa, ni in mayar da su lambobi, lambobin su tafi kamfanin inshora ko teburin biya. Abin da na karanta a jami'a ke nan. Ƙa'idar farko da aka koya mana ita ce, abin da likita bai rubuta ba, bai faru ba.

Mijinta ya tafi masallaci. Shaguna suka rufe. Liman ya fara huɗuba, lasifika na kawo ta har kicin. Sai aka buga ƙofa.

"Gas!"

Tukunyarmu ta ƙare tun jiya, muna jiran mai kawowa. Yaya Rabi ta buɗe, Ummi na bakin nono. Sai daga baya muka tuna ba a kawo gas ana huɗuba.

Su biyu ne, sun naɗe fuska da rawani. Ba zan ce 'yan ina ne ba, don ban sani ba. Larabcinsu na kan titi ne, irin wanda kowa ke yi.

"Shiru! Waya! Zinari!"

Na miƙa wayata. Ɗayan ya hango sarƙa a wuyan Yaya Rabi, wadda ta saya a kasuwar Batha ta ce ta auren Ummi ce. Ya fizga, ba ta tsinke ba. Ya zaro wuƙar yanka kwali. Ita kuma ta juya don ta kare yarinyar. Wataƙila sarƙar kawai ya nufa. Na sha faɗa wa kaina haka. Wuƙar ta bi ta kan nononta na hagu.

Ba ta yi ihu ba. Ummi ce ta yi. Jini da ruwan nono suka haɗu a gaban rigar.

Na bakin ƙofa ya yi dariya. "Ku kira 'yan sanda mana!"

Muka ji takunsu a matakala, sannan shiru. Ba mu san ko sun tafi ba, ko suna ƙasa. Na danna mata tawul na wankin safe, da sauran danshinsa. Na goya Ummi. Muka sauka ta ƙofar baya, ba takalmi.

Kwalta na ƙona ƙafa. Babu mota, babu mutum. An ta da iƙamar salla, duk unguwar tana sahu. Muka laɓe bayan wani garejin kanikawa, tsakanin tsofaffin tayoyi. Ina jin karatun liman, ina jin haƙoran Yaya Rabi na haɗuwa. Tawul ɗin ya jiƙe. Na cire mayafina na ɗora.

Da aka sallame, wani mutumin Damagaram ya zo wucewa a motar ɗaukar tayil. Ya dube mu sau ɗaya.

"Ku hau!"

Na ce ya kai mu inda nake aiki. A can aƙalla ba za a tsare mu a ƙofa ana neman iƙama ba. A hanya Yaya Rabi ta riƙe hannuna ta ce, "Ma'u, faɗuwa na yi." Na gane. Iya sanina, idan aka rubuta hari sai an sanar da hukuma. Idan suka zo, ita za su fara tambaya takarda.

Likitan ya wanke ciwon. Ya dubi bakin yankan, miƙaƙƙe kamar an ja layi. Ya tambayi sanadi. Ta ce santsi ya ɗebe ta, ta faɗa kan gilashin taga. Ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya ɗinke, ya rubuta abin da ta ce. Ba ta da inshora, sai mijinta ya biya a teburi da ya iso.

Ba mu koma gidan ba. Shi kaɗai ya je ya kwaso kaya. Muka sami ɗaki wajen unguwar Dira.

Ranar Lahadi da safe fayil ɗinta ya iso kwamfutata, cikin na sauran mutane. Buɗaɗɗen rauni a nono, lambarsa S21.0. Na sa. Sai gurbin sanadi. Lambar hari da abu mai kaifi na nan, na san ta da ka. Ina tsaye a falon aka yi. Amma ni ba likita ba ce, kuma idon mai sa lamba ba hujja ba ne. Na sa ta gilashi, na tura. Ba a dawo da fayil ɗin ba. A wajenmu hakan na nufin aiki ya yi kyau.

An ce ta koma a duba ɗinkin. Ta ƙi, tana tsoron a sake tambaya. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ita. Wata maƙwabciya ce ta cire zaren a ɗaki. Kafin ta miƙe, nonon hagun ya ƙafe. Na daman ya biyo baya. Ban san ko zazzaɓin ne ba, ko tsoro.

Ba wanda ya zo neman ta. Tana nan, tana shara. Ummi madarar gwangwani take sha. Har yanzu idan uwar ta ɗauke ta, takan juya kai hagu, tana lalube da baki.

Ƙafewar nono ma tana da lamba, na duba. Sai dai babu likitan da ya rubuta.